Kafin Ka Sayi Kanta Mai Kai da Shasi: Yadda Ake Duba Motar Lodi Kafin a Ƙirga Kuɗi

Motar da ake kira kai da shasi ita ce wadda za ka tarar da ita tsirara: ɗakin direba a gaba, dogayen ƙarafa biyu sun miƙe baya, tankin mai da batura a rataye a gefe, babu bodi. Kai ne za ka kai ta wajen maƙera su ɗora mata abin da sana'arka take so, ko bodin katako na hatsi, ko akwatin ƙarfe na kayan masarufi, ko tifa, ko tankin ruwa. A wajenmu an tara yawancin ƙananan motocin nan an ba su suna ɗaya, Kanta, daga Mitsubishi Canter da aka fara ƙerawa a Jafan a 1963, ko da abin da ke gabanka Isuzu Elf ce ko Nissan Cabstar. Toyota Dyna ce kawai ta tsira da nata sunan, Daina.

Sayen mota a wannan hali yana da wata fa'ida da mutane ba sa lura da ita. Motar da ba ta da bodi ba ta da wurin ɓoye aibinta. Komai a fili yake ga mai niyyar durƙusawa ya duba. Abin da yake damuna shi ne yawancin masu saye da kunne suke zuwa. A tayar da inji, su ji ƙara mai daɗi, su kalli fenti yana walƙiya, sai a shiga ciniki. Inji kuwa idan ya mutu ana sauke shi a ɗora wani, ga su nan jibge a Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Shasi shi ne motar. Idan ya karye ko ya karkace, duk abin da ka ɗora a kansa ya bi ruwa. Saboda haka a jagorar nan inji zai jira, sai mun gama da abin da ya fi shi.

Mataki na farko: san lodinka tun kana gida

Kafin ka kira dillali, ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da motar za ta riƙa ɗauka, da nauyinsa a kilo, da hanyar da za ta bi. Buhun siminti kilo 50 ne, haka ma buhun taki. Babban buhun masara na Dawanau ana ƙiyasta shi kilo 100. Ledar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya, wato tanki mai lita 3,000 tan uku ke nan, ba a sa nauyin ƙarfen tankin ba. Yashi ya fi su duka yaudara: ɗan tudun da ido zai raina, wanda tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa mita ɗai-ɗai ne, ya kai tan ɗaya da rabi, idan ya jiƙa ya wuce haka.

Kaya iri biyu ne. Akwai masu cika wuri ba nauyi, irin su katifa, robobi, burodi da katan ɗin biskit, waɗannan doguwar mota suke so. Akwai masu nauyi ba cika wuri, irin su siminti, bulo, hatsi da ruwa, su kuma gajeriyar mota mai kaurin shasi da ƙarfin sifirin suke so. Wanda ya sayi doguwar mota don ya ga ta fi girma a ido, sannan ya cika ta da siminti daga kai har gindi, shi ne za a gani a bakin hanya da karyayyen aksul.

Rubuta hanyar ma. Mai rarraba kaya daga Singa zuwa unguwannin cikin birni yana buƙatar motar da za ta juya a lungu. Mai bin kasuwannin ƙauye da damina yana buƙatar mota mai tsayi daga ƙasa, mai taya biyu-biyu a baya.

Mataki na biyu: karanta faranti, ka yi lissafi

Kowace mota tana da ƙaramin farantin ƙarfe ko sitika da kamfani ya liƙa, galibi a jikin ƙofar direba ko a cikin ɗakin. A kansa akwai lambar shasi, kuma a yawancin motoci akwai jimillar nauyin da aka yarda motar ta kai da komai nata, wanda ake rubutawa GVW. A motocin da suka fito daga Turai za ka ga layuka huɗu na kilo: na farko jimillar nauyin motar da lodinta, na biyu nauyinta idan tana jan tirela, sai mai lamba 1 na aksul ɗin gaba, da mai lamba 2 na aksul ɗin baya.

A nan ne ake yin babban kuskure. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wannan tan bakwai da rabi ce." Gaskiya ya faɗa, amma ba lodin tan bakwai da rabi take ɗauka ba. A cikin adadin nan akwai nauyin ita kanta motar, da bodin da za ka ɗora, da mai, da direba da yaran mota. A ce faranti ya nuna kilo 7,500. Cire kai da shasi, a ce kilo 2,500. Cire bodin ƙarfe, a ce kilo 1,000. Cire mutum uku da cikakken tanki da safaya da jak, a ce kilo 300. Abin da ya rage kilo 3,700 ne: buhun siminti 74, ko buhun masara 37. Yanzu kwatanta da abin da ka rubuta a gida. Idan aikinka buhun masara 60 ne a kowane sahu, wannan ba motarka ba ce, komai kyanta. Nemi wadda ta fi ta, ko ka amince da yin sahu biyu.

Na san abin da za a ce: ai kowa yana yin obalodi, kuma motocin suna tafiya. Suna tafiya, amma ƙara fallen sifirin ba ya ƙara ƙarfin birki, ba ya ƙara kaurin aksul, ba ya canza abin da taya za ta iya ɗauka. Motar ba za ta durƙusa a ido ba, shi ke nan. Ranar da aka zo gangara da lodin da ya ninka na faranti, direba da yaran mota da mai babur ɗin da ke gaba ne suke biyan bambancin, kuma da rayukansu.

Mataki na uku: shasi, a durƙushe, da tocila

Je da safe, da rana a fili, tare da bakanikenka na kanka, ba wanda mai mota ko dillali ya kawo ba. Ka tafi da tocila, da ƙaramar guduma, da tef ɗin awo, da tsumma, da mayen ƙarfe. A ajiye motar a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Fara da tsayawa a bayanta da ɗan nisa, ka tsuguna, ka kalli dogayen ƙarafan nan biyu kamar yadda kafinta yake kallon katako don ya ga ko ya miƙe. Su kasance a layi ɗaya, babu wanda ya fi ɗan'uwansa tsayi, babu lanƙwasa a tsakiya. Sannan a ɗauki tef a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya, dama da hagu, sitiyari a miƙe. Awo biyun su zo daidai ko kusa ƙwarai. Sai a auna a gicciye, daga wata ƙusa a gefen dama na gaba zuwa takwararta a gefen hagu na baya, a sake yin haka ta ɗaya ɓangaren. Idan awon gicciye ya saɓa da yawa, motar ta taɓa cin karo ko ta faɗi, an ja ta an miƙe. Irinta ce za ka gani a titi tana tafiya a karkace kamar kare, tana cinye taya kowane 'yan watanni.

Daga nan ka bi ƙarfen da hannu da tocila, taƙi-taƙi, ciki da waje. Wuraren da tsagewa take farawa sanannu ne: inda aka ɗaure sifirin, bayan ɗakin direba kai tsaye, inda ƙarafan da suka gitta suka haɗu da dogayen, da kewayen duk wani rami da aka huda. Tsagewa tana fitowa kamar siririn zare mai jan tsatsa. Buga da guduma a hankali. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci ta ciki yana amsawa a dakushe, wani lokaci har ɓawo ya zubo. Motocin ƙasashen sanyi sun fi wannan ciwo, domin can ana watsa gishiri a titi da hunturu don narkar da ƙanƙara, shi kuma gishiri cin ƙarfe yake yi. Duba musamman inda ƙarfe biyu suka haɗu: idan tsatsa ta kumbura ta raba su, ciwon ya yi nisa.

Sabon baƙin fenti mai kauri a kan shasin tsohuwar mota ba ado ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Nemi izini ka kankare wuri biyu ko uku. Idan mai motar ya ƙi, ya riga ya ba ka amsa.

A kan wannan ne na yi asarar da har yau nake ji a raina. Motata ta farko doguwa ce, na saye ta ina murnar za ta ɗauki kaya da yawa. Ashe gajeriya ce aka yanka aka ƙara mata ƙarfe a tsakiya, aka goge waldar da injin gurza, aka shafe da baƙin fenti. Da damina ta biyu, a kan jar hanya, da lodin masara, direba ya kira ni muryarsa tana rawa: "Maigida, motar ta zauna." Da na isa na ga bodin ya jingina da bayan ɗakin direba, ƙarfen ya rabu daidai kan layin walda, a miƙe kamar an sa wuƙa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Tsohon maƙerin da ya duba ta ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Ɗana, ai wannan tun ranar da aka yi ta take jiran yau." Shi ya nuna mini yadda ake ƙarin shasi na gaskiya: a yanka a karkace, a yi nesa da inda sifirin yake ɗaure, a sa wani ƙarfe ta ciki ya rufe mahaɗar ya wuce ta gaba da baya, a ɗaure da notuna. Ya kuma ce leɓen sama da na ƙasa na shasi ba a huda su, ba a ratsa su da walda, domin su ne suke ɗauke da nauyin. Alamomin ƙari ba sa ɓuya ga mai nema: wayoyin wuta da bututun birki da aka yanka aka haɗa a wuri ɗaya, da sandar da ke kai juyi zuwa aksul ɗin baya da aka yi wa walda a tsakiya. Idan ka ga waldar da ta miƙe daga sama zuwa ƙasa ba ƙarfen tallafi, yi sallama ka tafi, kada ma ka tambayi farashi.

A ƙarshe nemi lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen kansa, galibi kusa da tayar gaba. Goge da tsumma ka kwatanta da ta faranti harafi-harafi. Idan wurin ya nuna alamar gurza ko walda, maganar ta wuce ta bakanike, ta koma ta 'yan sanda.

Mataki na huɗu: sitiyarin nan a ina aka haife shi?

Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, don haka sitiyarin motocinmu yana hagu, kamar na Nijar. A Jafan kuwa sitiyari yana dama, kuma motocin lodi da yawa daga can suke fitowa, sai a juya musu sitiyari kafin su shigo kasuwa. Akwai juyin da aka yi da kayan asali, akwai na ganganci. Waɗanda suka fito da sitiyarin hagu tun daga kamfani, kamar Kantar da ake haɗawa a Tramagal ta ƙasar Fotugal don kasuwar Turai, ko na ƙasashen Larabawa, sun fi kwanciyar hankali, kuma sun cancanci ƙarin kuɗinsu.

Gane juyi ba wuya. Duba dashbod ko an yanka an haɗa. Duba ƙasan ɗakin ta gefen fasinja ko akwai ramukan da aka toshe. Kalli yadda waifa take shara: idan ta fi share gefen fasinja ta bar wa direba lungu, an juya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne akwatin sitiyari da sandunansa. A ɗaga kan motar, wani ya riƙa murza sitiyari kai kana kallo. Akwatin ya kasance a ɗaure da notuna a kan ƙarfe mai kauri, kada ya motsa ko kaɗan. Sandar sitiyari da aka yanka aka yi wa walda ba abin da ake ciniki a kai ba ne, domin idan ta ɓalle a guje babu gyaran da zai riski direba.

Mataki na biyar: yanzu a tayar da inji

Sharaɗin farko, ka same shi da sanyinsa. Ɗora hannu a kansa kafin a murza makulli. Idan da ɗumi, an riga ka, sai ka ce za ka dawo gobe da asuba. Injin gas (wato dizal) mai lafiya yana tashi nan take da safe, ya yi ɗan hayaƙi ya washe. Wanda ake ta murzawa yana tari, ƙarfin matsinsa ya ragu ko nozul sun gaji.

Kafin a tayar, zaro sandar awon baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne a injin gas. Laifin shi ne ka ga ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga mai. Buɗe murfin lagireto tun injin yana sanyi: kada ka ga mai yana yawo a saman ruwan, kuma bayan an tayar kada kumfa ta riƙa tasowa ba tsayawa, domin wannan gaskit ne ya ƙone ko kan injin ya tsage. Injin yana aiki, kwance murfin da ake zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba ka murɗa ba. Idan ya ɗan yi rawa a wurinsa, ba komai. Idan iska tana cilla shi, hayaƙi yana bulbulowa kamar tukunyar dambu, ringi sun tafi, ka sa kuɗin sauke inji a lissafinka.

Hayaƙin salansa ma yana magana. Shuɗi, injin yana shan baƙin mai. Baƙi mai kauri da ba ya yankewa, famfo ko nozul ko matatar iska. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ko ruwa yana shiga ko man ba ya ƙonewa daidai. Tambayi kuma ko an cire tamostat, domin al'ada ce a garejojinmu, kuma wani lokaci ana cire shi ne don a ɓoye injin da yake zafi.

Sai zaɓin irin injin, kuma a nan ina da ra'ayi. Tsofaffin injina masu famfon gargajiya, kamar 4D33 da 4D34 na Mitsubishi, 4HF1 da 4HG1 na Isuzu, da 14B na Toyota, duk garin da ka shiga akwai mai gyaransu da kayansu, kuma suna haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai. Sababbi masu kwamfuta, kamar 4P10 mai lita uku, sun fi ƙarfi a ƙaramin jiki, sun fi tsimin mai, sun fi tsabtar hayaƙi, amma gurɓataccen gas ɗin bakin hanya yana kashe musu nozul, kuma gyaransu sai mai na'ura. Wasu na Turai ma suna da matatar hayaƙi da tankin AdBlue (ruwan da ke tsabtace hayaƙi), waɗanda idan suka sami matsala kwamfutar take rage wa motar ƙarfi. Wanda aikinsa yake cikin Kano ko Kaduna ko Abuja, yana shan mai a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, zai iya riƙe sabon inji. Wanda motarsa za ta kwana a kasuwar ƙauye, tsohon ya fi masa. Kafin ka biya, ɗauki lambar injin ka zaga kasuwar kayan gyara ka tambayi farashin nozul, famfon ruwa, faifan kuloci da gaskit. Idan 'yan kasuwa uku suka ce sai an yi oda, ka sake tunani.

Mitar tafiya kuwa kada ka dogara da ita, ana mayar da ita baya. Robar feda da ta siɗe, da kujerar da ta lotsa, da sitiyarin da ya yi santsi sun fi ta gaskiya.

Mataki na shida: ƙafafu

A sa jak a ɗaga gaba. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza: motsi a nan boris ne ko ƙusar da tayar take juyawa a kanta. Ƙirga fallayen sifirin dama da hagu su zo daidai, ka nemi wanda ya karye ko aka yi wa walda. Sifirin da ya miƙe sumul motar ba lodi ya riga ya gaji. Leƙa bayan tayoyin baya ta ciki, idan da danshin mai, robar aksul tana yoyo kuma man yana isa ga birki.

Taya shida kuɗi ne masu yawa, don haka a duba su da kyau. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai siɗe ba. Akwai kuma lambar nauyi: 122/118 a jikin taya 7.50R16 na nufin kilo 1,500 idan ita kaɗai ce, kilo 1,320 kowacce idan an jera biyu. Tayar da ta cinye ta gefe ɗaya tana ba da labarin abin da ke damun ƙasan motar. Yawancin motocin nan batir biyu suke amfani da shi, wuta 24, kuma idan inji yana aiki na'urar awo ta nuna kusan 27 zuwa 28.

Mataki na bakwai: a hau titi

Ba a cinikin biri a sama. Motar da ba a tuƙa ba, ba a san ta ba, kuma zagaya fili ɗaya ba gwaji ba ne. A yi tafiyar rabin awa aƙalla, a hanyar da take da hawa da gangara da gargada. Ka sani motar da ba bodi tana tsalle, kuma tayoyin bayanta suna saurin kullewa idan aka taka birki, don haka a bi a hankali. Idan tana da tsohon bodi, ko za a iya ɗaure mata buhunan yashi a kan katako da kyau, gwaji da nauyi ya fi komai fallasa gaskiya.

Kafin a tashi, ja hambirki, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali: injin ya kamata ya mutu. Idan ya ci gaba da aiki, kuloci yana zamewa. Taka birki da ƙarfi ka riƙe, idan fedar tana nutsewa sannu-sannu akwai yoyo. A hanya a shiga kowace giya har da ribas. A gangara a ɗauke ƙafa daga totur a ga ko giya za ta fita da kanta, a kunna birkin salansa a ji ko yana riƙe motar. Kukan da ke tashi daga baya yana ƙaruwa da gudu, aksul ne. Rawar da ke bin kujera a wani gudu na musamman, sandar juyi ce. Idonka yana kan gejin zafi a kan hawa. Da an dawo, a bar injin yana aiki, a sake leƙa ƙasa da tocila, domin yoyon da aka wanke da safe yanzu zai fito.

Mataki na takwas: takardu

Takardar biyan kuɗin kwastam ita ce uwa. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa, saboda haka motar da aka ce maka "ta Kwatano ce, yanzu ta shigo" tana buƙatar bincike biyu. Kai lambar shasi ofishin kwastam da ƙafarka a tabbatar, kada ka tsaya ga kwafin da aka miƙo maka. Idan motar ta taɓa aiki a gida, nemi shaidar mallaka, lasisin mota, inshora da takardar ingancin hawa titi ta jami'an VIO, sunan da ke kansu ya dace da na mai sayarwa. A Nijar, kart giriz, wato takardar rajistar mota, ita ce za ka bi da irin wannan ido. Idan an taɓa sauya inji, a rubuta sabuwar lambar a yarjejeniya. A yi yarjejeniyar a rubuce, da shaidu, a fayyace la'adar dillali tun kafin a buɗe baki a kan farashi. Ka tuna kuma tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, kuma lasisin direbanka ya dace da ajin motar.

Mataki na tara: bodi da sauran lissafi

Kuɗin motar ba shi ne kuɗin farawa ba. Tara na bodi, taya, batura, juyen mai da matatu duka, gyaran da bakanike ya lissafo, rajista da inshora, sannan ka ajiye na wata biyu ko uku a gefe. Abin da dubawarka ta bankaɗo shi ne makaminka a ciniki: ka faɗi aibin da farashin gyaransa, a cire.

A wajen maƙera, ko a Fanteka ta Kaduna ko a ina, ka tsaya a kan abu uku. Bodi ya zauna a kan nasa ƙaramin firam, a ɗaure shi da shasi da ƙusoshin nan masu siffar U ko faranti da noti, ba a manna shi da walda ba. Tsakiyar lodi ta faɗo kaɗan a gaban aksul ɗin baya, domin idan bodin ya yi jela da yawa gaba yana sauƙi, sitiyari ya daina kama ƙasa. Ƙa'idar da ake yawan bi ita ce abin da ya wuce tayar baya kada ya haura kashi 60 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Na uku, a bar fili a bayan ɗakin direba yadda kan zai ɗagu a yi gyara. Maƙeri zai so ya burge ka da ƙarfe mai kauri, amma kowane kilo da ya ƙara a bodi, kilo ne da ya fita daga lodin da za a biya ka.

Ranar da aka gama, cika tanki, sa direba da yaransa a ciki, ka kai motar sikelin auna manyan motoci, irin wanda ake samu a kamfanonin shinkafa da wajen masu sayen ƙarafa. Cire abin da sikeli ya nuna daga adadin faranti. Abin da ya rage ka mayar da shi buhuna, na siminti kaza, na masara kaza, ka sa mai fenti ya rubuta a cikin ƙofar direba, inda shi da masu lodi za su riƙa gani kullum. A makon farko kuma, a cika tanki fal a rubuta mita, a yi aiki, a sake cikawa a gidan mai ɗaya. Litar da ta shiga da kilomitar da aka yi su ne za ka yanka kuɗin sahu da balas a kansu.